Rige-rige a Cikin Wayarmu

Wannan makon bari mu leƙa cikin wayar da muke rubutu da ita.

Kowace wayar Android a kan Linux take zaune. Cibiyar Linux, wadda ake kira kanel, ita ke raba wa manhajoji wuri a ma'ajiya, kuma tana da tattali: idan manhajoji da yawa na karanta shafi ɗaya, ba ta yi wa kowacce kwafi sai lokacin da ɗaya ta nemi yin rubutu a kai. Sai a kwafa mata, ta rubuta a kwafin, na asali ya zauna lafiya.

Tsakanin yin kwafin da saukar rubutun akwai tazara da ba ta kai ƙiftawar ido ba. A Oktoban 2016 Phil Oester ya kama ana shiga sabarsa ta wannan tazara. Maharin kan saki ayyuka biyu lokaci guda. Ɗaya na ta rubutu ta ƙofar da aka bar wa masu farautar kuskure don su taɓa ma'ajiyar manhaja tana cikin aiki, ɗayan na ta umartar kanel ta yar da kwafin. A yi ta maimaitawa har a dace, rubutun ya faɗa kan na asali, baƙo ya zama mai gida. Aka sa wa ɓarakar suna Dirty COW. An gano tun 2007 take nan, Linus Torvalds da kansa ma ya ce ya taɓa ƙoƙarin toshe ta a 2005, aka janye gyaran don ya kawo matsala a wasu manyan kwamfutocin IBM.

Shekara tara, idanu nawa suka wuce ta kai? Halin kuskuren rige-rige ke nan. Da ka tsayar da manhaja za ka duba, ayyukan sun daina karo, ciwon ya ɓuya, kamar motar da ke daina ƙara da an kai ta gaban bakanike. Wani zai ce a sa makulli ko'ina mana. Linux ta yi zama da ƙaton makulli guda, sai a 2011 ta rabu da shi, domin yana sa masarrafai bin layi. Ƙananan makullai kuma, wannan ya riƙe ɗaya yana jiran na wancan, wancan na jiran nasa, komai ya sandare.

Don haka mu ba ma ganin laifin masu kanel, sun fitar da gyara cikin 'yan kwanaki, Google ma ta saka shi a sabuntawar tsaro ta ƙarshen 2016. Ƙorafinmu yana kan kamfanonin da ke sayar mana da waya mai araha su manta da ita, alhali a cikinta muke ajiye kuɗi da littafin da ba mu gama rubutawa ba.

Ku shiga saitin wayarku ku duba kwanan watan sabuntawar tsaro ta ƙarshe, ku faɗa mana shekarar da kuka gani.