Bature Ya Kai Rawaninmu Sararin Samaniya, Mu Muna Ɗakin Kishiya

Kwanakin baya na je Titin Beirut gyaran waya. Ina zaune a benci ina jiran mai gyara, sai ga wasu samari biyu sun tsaya wajen mai tura fina-finai da ke gefenmu, suna tambayarsa ko zango na biyu na Dune ya sauka. Ya ce bai zo hannunsa ba tukuna. Ɗayan ya yi tsaki, ya ce shi fa ya gaji da jira. Ni kuwa da na yi shekara ashirin da ɗoriya ina rubuta littafi a garin nan, rabon da in ji wani ya gaji da jiran na biyun littafina har na manta.

Ga wanda bai sani ba, Dune asalinsa littafi ne na wani Ba'amurke, Frank Herbert, wanda ya fito a 1965. An yi fim ɗinsa a 2021, aka ƙara na biyu a 2024. A watan Nuwamba na 2024 kuma tashar HBO ta fara nuna mai dogon zango, Dune: Prophecy, kashi shida, wanda ya koma shekara dubu goma kafin haihuwar jarumin fim ɗin, Paul Atreides. A Disambar shekarar suka yi alƙawarin zango na biyu, shi ne wanda samarin nan suke nema. Kai har Tabu suka saka a ciki, Tabu dai tamu ta Vijaypath, wadda mu yaran Fagge da muka taso muna satar jiki zuwa silimar Plaza muka san fuskarta tun muna sakandare.

Na kalla, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya yi kyau. To amma haushi ya fi daɗin yawa a raina. Duniyar labarin hamada ce zalla, ba ruwa. Mutanenta sun naɗe fuska kamar Buzaye, suna jiran Mahadi, suna kiran wanda suke jira Lisanul Gaibi. A ƙarƙashin yashinsu akwai wani sinadari da duk sauran duniyoyi ba sa iya tafiya sai da shi, baƙi suna zuwa da manyan injina suna kwasa, masu ƙasa suna fama da ƙishirwa. Wanda ya san Arlit ta Nijar, inda aka fara haƙar yuraniyom tun 1971, ba sai an fassara masa wannan ba.

Maganar Mahadin ce ta fi tsaya mini. Shi mai dogon zangon labarin wata ƙungiyar mata ce, Bene Gesserit, waɗanda a cikin littafin su ne ke bi ƙasa-ƙasa suna dasa wa mutane labarin mai ceto da zai zo, domin ranar da suka buƙaci mabiya su tarar an riga an share musu fage. Herbert gargaɗi yake yi a kan bin mutum ido rufe. Shi a tunani ya hango abin. Mu a kanmu ya faru. An yi Satiru kusa da Sakkwato a 1906. An yi Maitatsine a Disambar 1980, a 'Yan Awaki, nan bayan gidajenmu, mutum sama da 4,000 suka mutu. Mahaifiyata har ta rasu ba ta daina ba da labarin yadda suka kwana a ƙarƙashin gado suna jin harbi ba. Wa ya fi cancanta ya ɗauki wannan tsoron ya jefa shi shekara ɗari biyar gaba, ya nuna yadda zai dawo da sabuwar riga? Kuma da namu ne ya rubuta, da ya bambance tsakanin addini da ɗan damfara mai fakewa da addini, abin da Musulmi mai kallon Dune zai ji an ɗan cakuɗa masa.

Kada wani ya ce mini ba al'adarmu ba ce. Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da aka taka wata, ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi yawo sararin samaniya. Shekara huɗu kacal tsakaninsa da Dune. Nasu ya haifi 'ya'ya da jikoki, namu kuwa sai dai a ambace shi a takardar jami'a.

Ni ma da laifina. Wajen 2006 na rubuta wani labari a kan Kano bayan shekara ɗari biyu: rijiyoyi sun ƙafe, 'yan ga-ruwa sun zama su ne masu mulki, mai kura goma ya fi mai gidan bene daraja. Na kai wa wani ɗan kasuwar littattafai a Sabon Gari. Ya buɗe shafi uku, ya ɗago ya ce, "Malam, ina yarinyar?" Na ce akwai ta, sai babi na huɗu. Ya miƙo mini abina, ya ce mata ne ke sayen littafi, su kuwa ba za su ba da kuɗinsu a kan jarka ba. Na koma gida na rubuta masa na kishiya a wata ɗaya, ya karɓa har da sa albarka. Ban ga baƙinsa ba, jarinsa yake karewa. Ni ne dai na ji magana ɗaya na naɗe tabarmata.

To yanzu fa? Ɗan kasuwan nan ba ya tsakaninmu da mai karatu. Littafi a WhatsApp yake yawo, da Wattpad, da masu karanta shi a YouTube. Uzurin kuɗi na 'yan Kannywood ne, su da sai sun gina jirgin kafin su ɗauke shi. Marubuci kuwa tawadar da zai rubuta "falo" da ita, ita ce za ta rubuta "duniyar Mars". Masu cewa shiga gaibu ne, ina ganin sun ɗora wa abin nauyin da ba nasa ba, domin mai cewa "da a ce" bai ce ya sani ba. Mai karatun da ya yarda da aljani mai kai bakwai a littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, ba na jin mutum-mutumi mai magana zai gagare shi haɗiya. Su kuma matan da aka ce ba sa son irin wannan, ba wanda ya taɓa ba su ya ga sun ƙi. Ga shi ma Dune: Prophecy ɗin kusan gaba ɗaya rikicin mata ne a kan iko, gaba da munafunci da 'yar'uwa ta ci amanar 'yar'uwa, wato dai abin da marubutanmu mata suka fi kowa gwanancewa a kai.

Duk ranar da zango na biyun ya iso wajen mai turin nan zan biya a tura mini, ba na musu. Amma a daren da na dawo daga Beirut sai da na sauko da tsohuwar jakata daga kan sif. Labarin 'yan ga-ruwan yana nan a littafin rubutu mai layi guda uku, gara ta cinye ƙarshen na ukun. 'Yata ta fari, wadda ke aji biyar na sakandare, ta ɗauke na farkon ta shige ɗaki. Da safe ta fito tana tambayata wa ya kashe Sarkin Ruwan Fagge, ni kuma wallahi na manta.