Sabon maganin ɗinkin kafaɗa: a dakata tukuna

A kafaɗar ɗan Adam akwai jijiyoyi huɗu da ke ɗaure tsoka da kan ƙashin dantse. Su ne ke ba manomi ikon ɗaga hauya, su ne ke ba mace ikon sauke taɓarya. Idan ɗaya ta tsage, saboda tsufa ko faɗuwa, lokotoro yakan yi aikin fiɗa ya ɗinke ta a jikin ƙashi. Amma ɗinki dabam, warkewa dabam. Wurin yakan cika da tabo, tabo kuwa bai kai asalin jijiya ƙarfi ba. A shekarar 2004, masu bincike a birnin Sen Luwi na Amurka sun duba mutum 18 da aka ɗinke wa babbar tsaga, suka tarar ta sake buɗewa ga 17.

Don haka ne masana suka juya ga abin da ake kira ekzozom. Waɗansu ƴan jakunkuna ne da ƙwayoyin halittar jiki ke fitarwa, ƙanana ƙwarai, sai an jera wajen 10 000 kafin su cika milimita guda. Malama Roz Joniston ta birnin Monreyal a Kanada ce ta raɗa musu suna a 1987, a lokacin ana zaton shara ce ƙwaya ke zubarwa. A 2007 aka gano a Suwidin cewa saƙo suke kaiwa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Yanzu ana tatso su daga uwayen ƙwayoyin da ke cikin ɓargo ko kitse, a zuba a bakin ɗinki. A jikin kusu da zomo an ga kumburi ya ragu, ɗinki ya ƙara ƙarfi.

Wannan aikin ilimi ne, ya cancanci a bi shi. Sai dai a ganina ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Dabbar gwaji yawanci ƙarama ce mai lafiya, da wuƙa aka yanke jijiyarta, aka ɗinke. Majinyaci kuwa dattijo ne wanda jijiyarsa ta daɗe tana lalacewa, wata ƙila ga ciwon sukari, ga taba. Kusu ba ya jan guga a rijiya mai gaba talatin.

Abin damuwa shi ne ciniki ya riga bincike. A watan Disamba 2019, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan waɗansu mutane a jihar Nebaraska sun kamu da rashin lafiya mai tsanani sakamakon allurar ekzozom, ta kuma bayyana cewa babu irinsa ko ɗaya da ta amince da shi. Ƴan uwanmu da ke sayar da gona ko shanu su tafi neman magani waje su riƙe wannan. Wanda aka yi wa tayin allurar ya tambaya: wace hukuma ta yarda da ita, ga mutum nawa aka gwada? Ma'aikatan da ke ba da izinin shigo da magani su ma su nemi amsar a rubuce.

Kafin nan, wanda aka yi wa aiki ya rataye hannunsa mako 4 zuwa 6 kamar yadda lokotoro ya umarta, ya bar taba, ya kula da sukarinsa, ya riƙa zuwa wurin mai motsa gaɓoɓi. Ɗaukar kaya mai nauyi kuwa sai bayan watanni.