Kuzar Jos da takardar ɗan asali

A ƙarni na 19, tsaunukan Filato ba su taɓa shiga hannun sarki guda ba. Masarautar Bauchi ta kai hare-hare, ta ƙulla amana da wasu garuruwan gindin dutse, amma yawancin Birom da maƙwabtansu sun ci gaba da mulkin kansu. Kuza ce ta jawo Turawa. Kamfanin Royal Niger, wanda Ingila ta ba izinin mulki a 1886, ya ga kuza a hannun fatake, sai ya bi sawunta har tushe. Zuwa 1904 Kanar Laws ya riga ya kafa sansani a Naraguta, da bindiga a gabansa.

Haƙar kuza tana son hannu da yawa, masu ƙasa kuwa suna da gonakinsu. Saboda haka lebura suka yi ta kwararowa daga Kano da Zariya da Barno, daga baya har daga Kudu, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914. Turawa suka keɓe unguwarsu, suka naɗa wa garin baƙi sarakuna Hausawa, suka bar ƙauyukan Birom da Anaguta da Afizere a wani tsarin dabam. A 1947 kuma suka naɗa Rwang Pam sarkin Birom, sarautar da ta zama ta Gbong Gwom Jos. Shi ya sa yau kowane ɓangare yake da takardar da zai ɗaga, alhali ofis ɗaya ne ya rubuta su duka, kuma lissafin kuza ne ya dame shi.

Laifin Najeriya shi ne ta gaji wannan ɓaraka ta ɗora mata hatimi. Tsarin mulki na 1999 ya ce a ɗauko minista daga 'yan asalin kowace jiha, amma a aikace ƙaramar hukuma ce ke yanke wanda zai sami shaidar. Da wannan takarda ake neman aikin tarayya da gurbin jami'a, don haka kujerar Jos ta Arewa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, ta fi ƙarfin kujera. Zaɓenta ne ya haifar da zubar da jinin Nuwamban 2008.

Tsoron masu ƙasa na rasa gonaki da sarautunsu gaskiya ne, kuma doka tana iya kare su. Sai dai aikin tarayya ba gona ba ne. Ya kamata Majalisar Tarayya ta sa shekarun zama da biyan haraji su wadatar wajen ɗaukar ma'aikata, domin jikan leburan da aka haifa a Gangare ya daina zuwa Kano neman shaidar garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba.