Injin Yana Ihu, Mota Ba Ta Motsi: A Bar Canjen Kaya da Ka

Lokacin furojet ya kama, kuma duk wanda ya leƙa wakshop ɗin sashen kanikanci ko na lantarki a 'yan makonnin nan zai ga ƙungiyoyin da ke haɗa ƙananan motoci masu rimot. Wasu za su ɗora musu kyamara, wasu tankin feshi. Matsalar da ta fi yawan tsayar da su iri ɗaya ce: a danna totur, injin ya yi ta ƙara kamar zai tashi sama, mota kuwa tana jan ciki ko ta tsaya cik. Abin da nake ganin kuskure ne shi ne amsar da muke bayarwa nan take: batir ya mutu, injin ya ƙone, a yi karo-karo a sayo sabo. Idan injin yana juyawa da ƙarfinsa, to lantarki ya yi aikinsa. Ƙarfin yana zurarewa ne a wani wuri tsakanin injin da ƙasa, kuma nemo wurin shi ne ainihin abin da aka kawo mu mu koya.

Hanyar ba ta da tsawo. A kan sandar injin akwai ƙaramar giya, ita ke juya babbar giya wadda galibi ta roba ce. A jikin babbar giyar, a motoci irin Traxxas Slash ta Amurka, akwai kulochi mai zamewa. Daga nan sai akwatin giya, sai difaransha mai raba ƙarfi ga tayoyi, sai sandunan da ke kai juyi gefe biyu, sai ɗan ƙarfe mai kusurwa shida da wili ke zama a kansa, sannan taya. A kowace mahaɗa cikin waɗannan ƙarfi yana iya ɓacewa, kuma kowacce tana da alamarta.

Kayan binciken bai wuce maka ɗaya da alanki ba. Ku ja layi ɗaya da ya ratsa ƙaramar giya da sandar injin, wani ya ratsa taya da wili, wani a kan wili da notinsa. Ku riƙe tayoyin baya, wani ya ɗan taɓa totur na daƙiƙa ɗaya ko biyu, kada ya zarce don kada injin ya yi zafi. Layin da ya rabu biyu, nan ɓarawon yake. Sau da yawa ɗan sukurun da ke riƙe ƙaramar giya ne ya saki, ko kuma tun farko ba a zaunar da shi a kan shafaffen gefen sandar ba. Gyaran minti biyar ne da ɗigon gam ɗin zare mai launin shuɗi. Wani lokacin kuma gam ɗin taya ne ya saki, wili yana juyawa a cikin roba, mutane suna can suna zargin injin.

Kunne ma kayan aiki ne. Ƙara mai kama da ana yaga kwali daga tsakiyar mota tana nuna haƙoran babbar giya sun cinye, ko tazarar da ke tsakaninta da ƙarama ta yi yawa. Tsohuwar dabarar masu wannan harka ita ce a saka siririn yankin takarda tsakanin giyoyin biyu, a matse su, a ɗaure injin, a zare takardar. Ƙas-ƙas daga baya lokacin da mota ta ɗauki nauyi yana nuni ga difaransha. Amma a yi hattara: idan kun ɗaga taya ɗaya sama kuka ga ita kaɗai ke juyawa, wannan ba lalacewa ba ce, haka difaransha take aiki.

Inda na fi son mu tsaya shi ne kulochin nan mai zamewa. An yi shi ne da gangan don ya ɗan zame lokacin da mota ta fizga ko ta diro daga tudu, ya shanye bugun kafin ya isa ga giyoyin ciki. Idan ya yi sako-sako da yawa za ku ji wani siririn fito, mota ta yi jinkirin tashi, wurin kuma ya yi zafi. Abin da yawancinmu muke yi shi ne mu ɗauki sifana mu ɗaure notin tam. Mota za ta tashi da ƙarfi, kowa ya yi tafi. Sai dai bugun da kulochi yake shanyewa bai tafi ko'ina ba, ya koma kan difaransha da sanduna, waɗanda sun fi faifan kulochi tsada da wuyar samu. Kayan nan daga waje ake odar yawancinsu, da farashin dala, kuma sai an jira makonni. Wanda difaransharsa ta fashe ana saura kwana huɗu ya kare furojet a gaban malamai ya san abin da nake faɗa. Daidai shi ne a ɗaure kaɗan-kaɗan ana gwadawa, har sai zamewar ta rage a farkon tashi kawai. Idan faifan ya yi sulɓi saboda zafi, ɗauri ba zai dawo da shi ba, sai canji.

Na san za a ce wannan ai abin wasan yara ne, mu da za mu fita mu kama manyan injuna. To, kulochin babur da na a-daidaita-sahu idan ya cinye, alamarsa ɗaya ce da wannan: injin ya hau, gudu bai ƙaru ba. Bel ɗin injin niƙa ma haka. Bambancin kawai, a ƙaramar mota kana iya kwance komai a kan tebur cikin awa guda, kuma kuskurenka ba zai jefa fasinja a rami ba. Da yawanmu mun je SIWES mun ga yadda ake yi a wasu garejin: canja wannan mu gani, in bai yi ba canja wancan, mai mota yana biya. Idan mai difloma zai fita ya yi irin wannan, me ya bambanta shi da wanda bai taɓa shiga aji ba?

Don haka ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta kai wa shugabannin sassan injiniya buƙata ɗaya mai sauƙi. Motocin furojet na shekarun baya da ke jibge a sito suna shan ƙura, a fito da biyu ko uku. Malamin wakshop ya kwance sukuru ɗaya, ko ya zare fil ɗin da ke riƙe wili, ba tare da ya faɗa ba, ya ba ɗaliban ND I maka da alanki da minti talatin. A ba da maki a kan yadda ɗalibi ya bi layin ƙarfi daga injin zuwa taya har ya nuna wurin da hujjarsa, ko da bai kai ga gyarawa ba.