Naira Ɗayan Kakana Ba Za Ta Je Amurka Ba

Kakana ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan. Bayan rasuwarsa muka tsinci takardar naira ɗaya ta 1979 a cikin adakarsa, mai hoton Herbert Macaulay da sa hannun Ola Vincent, gwamnan Babban Banki na lokacin. A gefenta kuma kakan ya rattaba nasa hannun da biro.

Wani ɗan ajinmu ya matsa mini in aika da ita kamfanin PMG na Amurka, masu duba tsofaffin kuɗi su ba su maki daga 1 zuwa 70, su rufe su a leda. Na ƙi. Takardar ta sha ninki, ga shatin man ja, makin da za ta samu ba zai biya kuɗin aikawa ba. Kuma ina ruwansu da sa hannun ma'aikacin reluwe? Ni kuwa dominsa nake ajiyarta.

Sai dai 'yan uwana ɗalibai masu miƙa wa manyan baƙi sabuwar naira su sa hannu, ku yi hattara. Dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta rubutu a jikin naira. Hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne, ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun.