Ba Kowane Ciwon Nono Ne Sankara Ba

Yawancin ciwon nonon da ke tayar wa matan Matameye hankali ba sankara ba ne. Gabatowar al'ada, shigar ciki da toshewar hanyar ruwan nono ga mai shayarwa su ne suka fi haddasa shi. Abin lura shi ne ƙullutu mai tauri ko da ba ya zafi, shigewar kan nono ciki, fitar jini, ko lotsewar fata. Wadda ta ga haka ta garzaya asibitin Matameye, kada ta tsaya shan jiƙe-jiƙe. In da buƙata, a tura ta Damagaram ko cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai. Magidanta kuma su ba da izini da kuɗin mota da wuri, domin jinkiri ne ke sa cutar ta gagari magani.