A Kurɓa Kafin A Zuba Sukari

Ra'ayinmu na wannan makon a kan shayi ne. Muna ganin yawancinmu ba mu san ɗanɗanon shayi ba, duk da kullum sai mun sha kafin mu fito makaranta. Sukari da madara muke sha, ganyen kuwa launi kawai yake bayarwa.

Ga abin da ya sa muka faɗi haka. Malamarmu ta aikin gona ta zo wa 'yan kulob ɗinmu da wani koren shayi, tsarabar da ƙaninta ya kawo mata daga ƙasar Sin. Sunansa Lu'an Guapian. Lu'an sunan yankin da ake noma shi ne a lardin Anhui, Guapian kuma saboda ganyen ya yi kama da 'ya'yan kankana. A can sananne ne, amma a cikinmu babu wanda ya taɓa jin sunansa.

Aikinsa ba ƙarami ba ne. Wajen 20 ga Afrilu ake tsinkarsa, ganye ɗai-ɗai, ba a haɗawa da toho ko tsinken da ke riƙe da ganyen. Sai a gasa shi a kasko. Wannan zafin ne yake hana shi yin baƙi, domin koren shayi da baƙin shayi duk daga itace iri ɗaya suke. A ƙarshe a zuba shi a babban kwandon gora, mutum biyu su ɗora kan garwashin gawayi, su ɗauke, su sake ɗorawa, haka sau da yawa har ya bushe bai ƙone ba. A 2022 hukumar UNESCO ta sa dabarun gargajiya na sarrafa shayi a ƙasar Sin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Malama ta tafasa ruwa, ta bari ya ɗan huce, sannan ta zuba kan ganyen. Bayan minti biyu ta tsiyaya mana, ta kuma hana kowa taɓa sukari. Kurɓar farko wasunmu sun yamutsa fuska saboda ɗan bauri. A ta biyu sai muka ji ƙamshi kamar na gasasshiyar gyaɗa, da wani zaƙi-zaƙi da ya tsaya a maƙogwaro. Da an zuba cokali uku na sukari yadda muka saba, da duk wahalar mutanen nan ta tafi a banza.

Kada ku ce abin na nesa ne. Shayin Buzaye da yayyenmu suke dafawa a ƙaramar buta kan gawayi, shi ma koren shayi ne daga ƙasar Sin. Ku duba jikin kwalinsa ku gani. Mu ma a Nijeriya ana noma shayi a tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba. Mu nawa ne za mu iya bambance shi da na waje idan aka ba mu a kofi biyu? In ba mu san ɗanɗanon namu ba, ta yaya za mu yabe shi?

Wani zai ce Lu'an Guapian ba ya kasuwarmu, kuma shayin safe da burodi don cika ciki ne kafin darasi. Gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya dami Baba da sayen shayi mai tsada ba. Kurɓa ɗaya muke roƙo, ba ta cin ko sisi. Bayan haka wanda ya ga dama ya zuba sukarinsa, amma ya rage, domin yawan sukari yana ɓata haƙora.

Muna kuma roƙon malamanmu na aikin gona su riƙa kawo mana amfanin gonar da muke karantawa, mu taɓa, mu shinshina, mu ɗanɗana. Gani ya kori ji. Ana iya farawa da zoɓo da citta da shayin Mambila, tunda duk suna kasuwa.

Daga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, a madadin Kulob ɗin 'Yan Jarida.